Garkuwoyin Fakon Kunkuru

Da sunan Allah nake farawa, Mai ƙirga yashi bai ɓata ba, Mai ƙirga rayuka bai manta da ko ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ku da kuka taru kuna jiran labari, ku gyara zama. Wanda ya zo don dariya kuwa ya tashi tun yanzu, yau ba ni da ita. Ni ne Nomau ɗan Makau, wanda ya bar gida neman ilmin lissafi, ya taka ƙasashen da ko sunansu bai iso nan ba. Labarin yayana Shekarau zan ba ku, da yadda na yi ta neman hanyar ƙetare Fakon Kunkuru da shi yana da rai.

Tambaya ce 'yar ƙarama ta fitar da ni gida. In ka ɗebi tsakuwa, kana iya jera ta murabba'i, wato tsawo da faɗi daidai: huɗu, ko tara, ko sha shida. Adadin da ya ƙi jeruwa a murabba'i ɗaya, sai ka raba shi gida biyu ko uku. To, kowane adadi hanya nawa gare shi? Na tambayi malaman garinmu, suka ce in je in nemi sana'a. Na yi fushi, don ni mutum ne mai saurin hawa, har yau ban warke ba, na ɗaure kayana. Yaya Shekarau ya biyo ni. Shi lissafi in ya wuce yatsunsa sai ya koma rantsuwa, amma ya ce wa innarmu, “In aka bar wannan shi kaɗai, yunwa za ta kashe shi yana ƙirga ƙudan da ke bin sa.” Malam Tsakuwa yake kirana, ko a gaban baƙi.

Muka ratsa ƙasar da kogunanta ke hawa tudu, muka ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya, har muka iso Birnin Kantu. Can komai da gishiri aka gina shi, ganuwa da masallaci da turken awaki. Malamansu suna tara kantun gishiri tsibi-tsibi, tsawo da faɗi da tsayi daidai, ɗaya, takwas, ashirin da bakwai, suna gardamar tsibi nawa kowane adadi ke bukata. Na zauna gabansu shekaru ina jin daɗi. Shi kuwa Yaya yana ramin gishiri yana sara, don mu ci tuwo. Ƙurar gishirin ta shige masa ƙirji. Tari ya fara kamar wasa, har ran da na ga jini a bakin rigarsa.

Mai magani ya kara kunne a bayansa, ya girgiza kai. Ya ce gishiri ya daskare a ciki, ba abin da zai narkar da shi sai tururin ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a birnin Tafasau. Na ce ina Tafasau take? Ya nuna gabas da haɓa, ya ce, “Bayan Fakon Kunkuru. Allah ya ba ku sa'a.” Yadda ya faɗi sa'ar nan bai yi mini daɗi ba.

A bakin fakon akwai ƙauyen da ayari ke haɗuwa. Nan muka sami Madugu Jatau, wani dogon mutum mai ido ɗaya, wanda ba ya maimaita magana. Mai jera masa sahu ya mutu, yana neman wani. Da ya ji aikina, ya kai ni kan wani tudu, ya ce in buɗe ido.

Fako ne fari fat, ba ciyawa, ba inuwa, iyakar ganinka. A kansa wasu manyan abubuwa suna jan ciki a hankali. Kunkurai ne, amma masu kusurwa huɗu, bayansu falle-falle na dutse. Jaririnsu falle ɗaya gare shi, in ya girma ya zama huɗu, ya zama tara, har ka ga uwa mai talatin da shida, faɗinta ya kai tsakar gida. Sama kuma mikiyoyi ne ke shawagi, kowace in ta buɗe fiffike sai ta rufe rumfar kasuwa.

Madugu ya ce, “Waɗancan na sama suna cin duk abin da ke motsi, ban da kunkuru, don ya sha karya musu baki. Saboda haka mu ma kunkuru muke zama. Kowa ya ɗora garkuwa a ka, mai kusurwa huɗu, an lulluɓe ta da fallen dutse, a haɗa kafaɗa a tafi. Ka ji sharaɗi uku. Sahu ya zama murabba'i cif, in mutum ɗaya ya yi saura a gefe, an gano mu. Kada gida ya wuce uku, don kunkurai ba sa tafiya fiye da uku, abin da ya wuce haka garke ne, garke kuwa abinci ne. Na ƙarshe, kunkuru ba ya bin hanya sau biyu. Iyalin da mikiya ta gani jiya, in ta sake ganin irinsu yau, ta san ƙarya ce.”

Na ce, “Wato kowane zango da sabuwar hanyar rabo.”

“Zango uku ne, kowanne da kogon kwana a ƙarshensa. Faɗa mini adadin da zan ɗiba.”

Na tsuguna na baza tsakuwa. Ban daɗe ba na ce, “Arba'in da ɗaya. Ashirin da biyar da sha shida, hanya ɗaya. Sha shida biyu da tara, hanya biyu. Talatin da shida da huɗu da ɗaya, hanya uku.”

Ashe ya sani, gwada ni yake. Ya ce na samu aiki. Sai ya dubi Yaya da ke can ƙasa yana tari, ya ce, “Ban da wancan.”

Jinina ya hau. Na ce, “Ranka ya daɗe, to ka jera su da kanka. Wancan da kake nunawa da baki shi ya kawo ni nan.” Ya dube ni da idonsa ɗaya, sannan ya ce, “In ya yi tari a fili, ruwanka.” Haka muka shiga cikin arba'in da ɗaya.

Tun hantsi bai yi ba muka taka fakon, gida biyu. Kai, jama'a! Wanda bai yi tafiyar nan ba bai san nauyin shiru ba. Kana duƙe, dutse a kanka, ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka da farar ƙasa. Ba magana, ba kaki, ba sosa ƙafa. Wani lokaci hasken da ke shigowa ta gefe sai ya ɗauke, ka ji iska ta daki garkuwa, ka san tana bisa kanka tana dubawa. Muna tafe muna taka ƙasusuwa, wasu na raƙuma, wasu ba na raƙuma ba.

Na sa Yaya a tsakiyar sahu, kusa da wata tsohuwa mai sayar da kanwa, Inna Marka. Ita ta cece mu a zangon nan. Tana da ɗan tulun zuma da citta a ɗaure a zaninta, duk lokacin da ta ji ƙirjinsa ya fara kuka sai ta lakato ta tura masa a baki. Da muka isa kogo ya ce mata, “Inna, da na san haka ake jinya a fako, da tuni na zo.” Ta ce, “Rufe mini baki, ɗan nema, zumar ta jikokina ce kake shanyewa.”

Zango na biyu muka yi gida uku, sha shida biyu da tara, muka wuce lafiya. Zango na uku shi ne mai ɗaya tilo, wanda zai tafi shi kaɗai a matsayin jaririn kunkuru, ba kowa dama ba kowa hagu. Da na faɗa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai Madugu ya ɗauki garkuwarsa ya koma baya shi kaɗai. Na tsani mutumin nan, amma ran nan na girmama shi.

Da la'asar muka shiga kogo na uku muna hamdala, don daga bakinsa na gabas hanya ce mai rufi har Tafasau. Madugu ya shiga gaba ya duba, ya dawo fuskarsa ba kyau. Ƙasa ta tsage. Inda hanyar take, yanzu rami ne wanda in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. Ya ce ba makawa sai tsohuwar hanya ta kudu, ita kuwa zango biyu ce a fili.

Ya juyo gare ni. “Mai sahu, hanya ta huɗu.”

Na baza tsakuwa arba'in da ɗaya, na juya su, na sake juyawa. Na san amsar tun kafin in fara, amma na yi ta yi. Daga ƙarshe na ce, “Babu. Uku gare ta, mun cinye su.”

Madugu ya ce, “To, kun san al'ada.” Ya nuna ƙuryar kogon. Sai lokacin na lura da garkuwoyi jingine da bango, sun yi ƙura, kowace da tsibin tsumma da ƙashi a gindinta. In hanya ta ƙare, mutum ɗaya ke ajiye garkuwa ya zauna, adadi ya sake, sababbin hanyoyi su buɗe. Kogon na da ruwa, ba shi da abinci. Ayarin da zai zo daga baya kuma ba zai ɗauke ka ba, don za ka ɓata masa adadi.

Ba wanda ya ambaci suna, amma idanu duka suka koma kan Yaya. Shi kuma, don ya ƙara ƙona mini rai, sai ya fara kwance igiyar garkuwarsa, yana cewa, “Ba komai, dama ƙafafuna sun gaji.”

Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. “Yaya, wallahi in ka kwance igiyar nan ni da kai ne!” Na juya ga jama'a ina huci, ina neman wanda zan fara zagi, sai wani abu ya faɗo mini. Na ce, “Madugu, mikiya mutane take ƙirgawa ko garkuwa?”

Ya ce, “Garkuwa.”

“To a jingine garkuwarsa, shi a bar mini shi. Zan goya shi a ƙarƙashin tawa. Garkuwa arba'in, talatin da shida da huɗu. Hanya ɗaya gare ta, amma sabuwa ce.”

Madugu ya ce ba a taɓa yi ba. Na ce ai ba a taɓa tsagewar ƙasar ba ma. Ya ce ba zai sa mai goyo cikin babban sahu ba, sai dai gidan huɗu, in akwai masu yarda. Inna Marka ta ce ita ta yarda. Wani maƙeri mai suna Barmo ya ce shi ma, da matarsa Gwamma. Inna ta ba ni zaninta na biyu, ta ɗaure mini Yaya a baya da irin ɗaurin da ake yi wa jinjiri. Yana ta mita: “Wayyo ni Shekarau, yau ga ni a bayan Malam Tsakuwa. Kada wanda ya kai labarin nan gida.”

Na ɗauka ciwo ya rage masa nauyi. Ina! Ƙashin mai saran gishiri ne. Kafin rana ta take, gumi na shiga mini ido ba hannun sharewa. Ina jin zuciyarsa na bugawa a bayana. Mun hango bakin kogo na huɗu ke nan, tari ya taso masa. Ya danne, ya danne, jikinsa duka ya girgiza, ni kuwa ƙafata ta sauka kan wani ƙashi mai santsi. Na durƙusa gwiwa ɗaya. Garkuwata ta karkace, tsakaninta da ta Gwamma ya buɗe kamar tafin hannu.

Ban ga saukowar mikiyar ba, ƙara kawai na ji kamar an sari ƙarfe. Bakin mikiyar ya sauka kan garkuwar Gwamma, fallen dutsen ya tsage, amma bai fashe ba. Tsuntsuwar ta yi wani kuka ta tashi, ta ɗauka kunkuru ne ya sake cutar ta. Gwamma ba ta yi ko ƙara ba. Ta cije leɓe, mijinta ya tallafi gefen garkuwarta da hannu ɗaya, muka ja jiki muka shiga kogo. Sai a ciki ta faɗi. Kafaɗarta ta karye, hannun ya sauka yana lilo.

Barmo ya shaƙe ni ya haɗa da bango. Ban hana shi ba. Madugu ne ya ɓamɓare shi, ya ce, “A bar faɗa sai an ƙetare. Matarka ba ta iya ɗaukar garkuwa, kai ma sai ka goya ta, tunda an buɗe wannan ƙofa. Saura garkuwa talatin da tara. Mai sahu, jera mu.”

Na ƙirga tsakuwa talatin da tara. Na cire talatin da shida, saura uku, uku kuwa sai ɗaya-ɗaya, gida ya zama huɗu. Na cire ashirin da biyar, saura sha huɗu, ta ƙi rabuwa murabba'i biyu. Na cire sha shida biyu, saura bakwai. Na cire sha shida da tara, sha huɗun nan ta sake dawowa. Na bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe.

Na ce, “Ba ta da hanya.”

“Ko ɗaya?”

“Ko ɗaya. In ba gida huɗu ba, talatin da tara ba ta jeruwa. Sai an sake ajiye garkuwa guda. Talatin da takwas na da hanya biyu.”

Wani daga baya ya ce, “Wato saboda mai tarin nan, mai lafiya zai zauna?” Wani ya ce a bar marasa lafiyan biyu ma ba ta gyara komai, adadin garkuwa bai sake ba. Gaskiya ya faɗa, ita ce ta fi ciwo. Ko an bar Yaya, ko an tafi da shi, sai mutum guda mai ƙafafu ya ajiye garkuwarsa.

Na ce to a goya shi mana, kamar yadda muka yi. Na bi mazan nan ɗaya-ɗaya, masu ƙirji kamar turmi, ina roƙo. Na durƙusa wa wasu. Kowa sai ya dubi kafaɗar Gwamma ya kau da kai. Na zage su, na zagi iyayensu, Allah ya yafe mini.

Ina cikin haka na ji ƙarar dutse a bango. Inna Marka ce ta jingine garkuwarta kusa da ta Gwamma, ta zauna ta miƙe ƙafa.

Na ce, “Haba Inna! Tashi, don Allah tashi.”

Ta ce, “Ɗana, daina ɓata yawunka. Ni ce babba a nan, in an yi ƙuri'a ma ban yarda ta faɗa kan mai ƙananan 'ya'ya ba.” Ta kwance tulun zumar ta miƙa mini. “Saura kaɗan. Kada ka ba shi da yawa lokaci ɗaya. In kun isa, ka nemi gidan Tabawa mai kitso a bayan marina, ka ce mata uwarta ta tsaya a hanya, kada ta yi ta dakon ƙofa.” Yaya ya rarrafa ya kama ƙafarta yana kuka, ta ture shi ta ce ya bari, zai tayar da tarin.

Saura zaɓen hanya. Na ce, “Ashirin da biyar da tara da huɗu. A sa ni tsakiyar tara, a sa Barmo tsakiyar ashirin da biyar. Ko mun yi tuntuɓe, akwai garkuwa ta kowane gefe.”

Suka ce ina ɗayar hanyar? Na ci gaba da juya tsakuwa kamar ban ji ba. Madugu ya ce, “Faɗi, mai sahu. Aikinka ne.” Da na iya ƙarya a lissafi, da ran nan na yi ta. Na ce, “Talatin da shida, da ɗaya, da ɗaya.”

Nan take suka ce ita suke so. Su talatin da shida su haɗu lafiyayyu, masu goyo biyu kowa ya tafi shi kaɗai, in ya faɗi ya faɗi da nasa. Na dubi Madugu. Ya ce, “Rai talatin da shida ke wuyana. Da zan iya raba kaina biyu da na karɓe ku.” Barmo ya tofar da yawu kusa da ƙafata, ya tafi ya ɗaure matarsa.

Da gari ya waye muka fito. Ban waiwaya ba, amma na ji muryar Inna daga ciki tana cewa Allah ya kai lafiya, kamar mai sallamar 'yan kasuwa.

Garkuwa ɗaya ba ta rufe mutum biyu sai an naɗe. Na ɗaure ƙafafun Yaya a cikina, ya cusa kansa a wuyana, na duƙa har haɓata na kusa da gwiwa. Babban sahu ya yi gaba, ƙarar takunsu tana raguwa har na daina ji. Barmo na can wani gefe, ban san ina ba. Sai ni da farar ƙasa da numfashin Yaya mai zafi a bayan kunnena. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Mikiya ɗaya ta zaɓe mu. Ina ganin inuwarta tana kewaye mu a ƙasa, ta tafi, ta dawo. Duk lokacin da ƙirjinsa ya fara kuka sai in tsaya cak, in lakato zuma in miƙa yatsa baya, ya tsotsa. Kafin azahar tulun ya ƙare, na kai yatsa na dawo da shi a bushe.

Ya sa baki a kunnena, da muryar da ko ni da ƙyar nake ji. “Malam Tsakuwa.”

Na girgiza kai, wato ya yi shiru.

“Wai adadin nan da ya ƙi, kai ka fara gano shi?”

Na ɗaga kafaɗa.

“To madalla. Ba a banza na sari gishiri ba.” Ya ɗan huta. “Ka ji, wani babban tari na zuwa. Ba zan bar shi ya fito ba. Kai dai kada ka tsaya.”

Na ji ya taso masa tun daga ciki. Inuwar tana daidai kanmu, har ina jin warin tsuntsuwar. Ya cusa bakinsa cikin kafaɗata, ya cije rigata da naman duka, hannuwansa suka matse ƙirjina har na kasa shaƙar iska. Jikinsa ya yi ta fizga, yana fizga, ba sauti ko kaɗan. Wani abu mai ɗumi ya gangaro mini ta baya. Ban tsaya ba. Ya ce kada in tsaya. Can sai hannuwan suka saki, inuwar ta yi gaba.

Na ce a raina ya suma ne. Na yi ta jiran numfashin nan a bayan kunnena, ina tafiya ina jira. Wurin ya huce, iska ta busar da gumin. Na sani, amma ba halin in sauke garkuwa, ba halin in kira sunansa, ko kuka ba halin in yi da sauti. Haka na yi sauran zangon, ina taka ƙasa a hankali kamar jaririn kunkuru, yayana na ƙara nauyi a bayana.

Rana ta yi ja na shiga inuwar ƙofar Tafasau. Sahu ya riga ya iso, Barmo ma ya iso da matarsa da ranta. Na yar da garkuwa, na kwance zanin Inna, na kwantar da Yaya a ƙasa. Sai da Madugu ya sa hannu aka raba haƙoransa da rigata.

A ƙofar nan akwai malaman lissafi da ke zama, aikinsu su tambayi kowane ayari adadinsa da yadda ya rabu. Irin mutanen da na bar gida ina nema ke nan. Mai gadi ya bi mu yana taɓa kan duk mai numfashi, ya ɗaga murya ya ce, “Talatin da tara!”

Wani tsohon malami ya miƙe har rawaninsa na kwancewa. “Talatin da tara? Sake ƙirgawa! Talatin da tara ba ta da hanya, kakanninmu sun tabbatar. Ba a taɓa ganin ta a ƙofar nan ba.” Aka sake, haka ta fito. Suka kewaye mu suna murna, suna tambayar wane ne mai sahu. Aka nuna ni. Tsohon ya kama hannuna biyu, idonsa na ƙyalli, ya ce, “Ɗana, zauna cikinmu, wurinka na nan. Faɗa mana yadda ka raba ta.”

Ni da ke zagin mutum kan abin da bai kai wannan ba, ran nan ko zagi ɗaya ban yi ba. Na zare hannuna. Na ce, “Malam, ina ruwan zafinku yake?”

Ya ce, “Ga shi can gangare, inda tururi ke tashi. Amma rabon fa?”

Na sunkuya na ɗauki Yaya, wannan karon a hannu. Barmo, wanda ko kallona ba ya yi tun jiya, ya zo ya kama ƙafafun. Muka gangara. Tururin na da kauri da ƙanshin ƙasa, ina shaƙa na ji ƙirjina ya buɗe, ni da ba abin da ke damuna. Gishirin da ya daskare a gashin Yaya da farcensa ya narke nan da nan, da ruwan ya taɓa shi. Mai maganin bai yi ƙarya ba.

Da ruwan nan na yi masa wanka, muka sallace shi kafin magariba. Daga maƙabarta na wuce bayan marina, ina tambayar gidan Tabawa mai kitso. Na same ta zaune a bakin ƙofa, tana leƙen hanya.

Iyakar abin da zan iya faɗa yau ke nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka tsaya a hanya. Ku tashi, na gaji.